Babi na Tara: Ciyawar Teku a Tukunyar Miya

Ciyawar teku suna ne da aka laƙaba wa tsirran da ke rayuwa cikin ruwan gishiri, manne da duwatsun gaɓa ko kwance a ƙarƙashin ruwa iyakar inda hasken rana ke kaiwa. Sunan ya riga ya zauna, amma ba dangin gamba ko harƙiya ba ce. Ba ta fure, ba ta 'ya'ya, ba ta kuma da saiwar da ke tsotson ruwa daga ƙasa. Abin da ke kama da saiwa a gindinta ƙugiya ce kawai da take riƙe dutse da ita don kada igiyar ruwa ta yi awon gaba da ita. Abincinta da dukan jikinta take shan sa daga ruwan da ke kewaye da ita. A wajen masana, 'yar'uwar gansakuka ce, wannan koren abin da ke rufe fuskar kududdufi da jikin tsohuwar randa. Daga wannan ɗabi'a ta sha da dukan jiki amfaninta ya fito, daga nan kuma illarta ta fito, domin duk abin da ke cikin teku, mai kyau da mugu, tara shi take yi.

An kasa ta gida uku bisa launi: ja, koriya da mai ruwan ƙasa. Ire-irenta sun kai wajen dubu goma, amma waɗanda ake ci ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, waɗanda ke shiga kasuwar duniya kuwa ana iya ƙirga su da yatsun hannu. Masu ruwan ƙasa su ne ƙattin gidan. Akwai wata a gaɓar Kalifoniya ta Amurka da tsawonta ke haura mita 40, tana yin daji sosai a ƙarƙashin ruwa, kifaye na kai da komo a cikinsa.

Cin ta ya daɗe. A wani tsohon mazauni da ake kira Monte Verde a ƙasar Chile, masu tonon tarihi sun sami ragowar ciyawar teku a wajen murhu, wadda aka ƙiyasta ta kai shekara 14,000. A Japan, dokar mulki ta shekarar 701 ta lissafa ta cikin kayan da talakawa ke iya biyan haraji da su, kamar yadda a ƙasar Hausa aka taɓa biya da dame. Mutanen gaɓar Ailan sun jingina da ita lokacin babbar yunwar da ta fara a 1845, abin da ya sa aka daɗe a can ana mata kallon cimar talauci. Yau Sin da Japan da Koriya ne suka fi kowa cin ta. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta abin da aka samar a 2019 da kusan tan miliyan 35, kuma kusan dukkansa nomawa aka yi a kan igiyoyi cikin ruwa, Sin da Indunusiya na gaba.

Yadda ake dafa ta

Nau'i uku ne suka fi shahara a madafi, kuma da sunayensu na Japananci aka san su: kombu, wakame da nori. Kowanne da irin hannun da yake so.

Kombu mai kauri ne, baƙi-baƙi, in ya bushe kamar tsohuwar fata. Aikinsa ba da ɗanɗano ga ruwan miya. Ba a wanke shi; ana goge shi da ɗanyen tsumma kawai, saboda farin garin da ke bisa jikinsa yana cikin daɗinsa. Giram 10 ya isa lita ɗaya ta ruwa. A jiƙa shi rabin awa ko fiye, a ɗora a wuta mai sauƙi, da zarar ruwan ya fara ƙananan kumfa a tsame shi. Idan aka bari ya tafasa da shi, ruwan kan yi yauƙi da ɗan ɗaci. A nan ne ɗabi'ar madafai ta bambanta: yauƙin da mai girkin Japan ke gudu shi uwargida a Nahuce ta ƙasar Bunguɗu ke nema a miyar guro, har takan jefa 'yar kanwa don ya ƙara ja. Bayan an tsame kombu sai a watsa busasshen kifi da aka fere siriri-siriri, a tace. Wannan ruwan, dashi, shi ne gindin mafi yawan miyar Japan. Masu girki kan kuma jefa ɗan yanki a tukunyar wake, suna cewa yana sa shi laushi, aikin da kanwa ke yi a nan.

Wakame ganye ne mai taushi. Busasshensa yaudara gare shi: abin da bai cika tafin hannu ba, in aka jiƙa minti biyar, sai ya cika kwano, domin yakan kumbura ninki da yawa. Ba ya son dogon dahuwa, a ƙarshe ake zuba shi ana shirin sauke tukunya. Ana kuma cin sa da sanyi, a haɗa da kokwamba da ruwan tsami da riɗi, abin da Bahaushe zai kalla ya ce kwaɗo ne aka manta ba a sa ƙuli-ƙuli ba. Mutanen Koriya suna soya shi da man riɗi da naman sa da tafarnuwa, su tsayar da ruwa. Wannan miyar ce abincin maijego a can, tana shan ta safe da yamma na makonni, a matsayin da kunun kanwa da ƙauri ke riƙe da shi a gidajen Hausawa. Saboda haka ne ma Bakoriye kan sha ta duk ranar da shekarar haihuwarsa ta zagayo, don tunawa da mahaifiyarsa.

Nori shi ne baƙin fallen da ake naɗe shinkafa da kifi da shi. Ana markaɗa jar ciyawar, a shimfiɗa ta siriri a kan asabari, ta bushe kamar takarda, sannan a gasa. Falle guda bai wuce giram 3 ba. Laima ce abokiyar gabarsa: in ya sha iska ya saki, sai an sake nuna masa wuta. Ana murmushe shi a kan shinkafa ko ƙwai kamar yadda ake barbaɗa yaji. Noman nori ya kusa durƙushewa a Japan a ƙarshen shekarun 1940, manoma na kafa gora a ruwa ba su san daga ina irin ke zuwa ba. Wata masaniyar tsirrai a Jami'ar Manchesta ta Ingila, Kathleen Drew-Baker, ta gano a 1949 cewa wani zango na rayuwar tsiron a cikin ɓawon kawa yake yin sa. Da wannan aka fara renon iri. Ba ta taɓa zuwa Japan ba, amma akwai dutsen tunawa da ita a garin Uto, inda ake taruwa duk 14 ga Afrilu.

Turawan gaɓa suna da nasu salon. Mutanen Wales kan dafa dangin nori na sa'o'i har ya narke ya yi baƙi, su haɗa da garin hatsi su soya. A Ailan ana tafasa wata jar ciyawa cikin madara, in ta huce ta daskare.

Daga kombu zuwa farin magi

Ko da yake babu mai sayar da kombu a kasuwar Nahuce ko ta Tsafe, jikarsa na nan a kowane tebur. A 1908 wani malamin kimiyya a jami'ar Tokyo, Kikunae Ikeda, ya nemi sanin abin da ke ba ruwan kombu wannan ɗanɗano da ba zaƙi ba, ba gishiri ba, ba tsami ko ɗaci ba. Ya dafe kombu mai yawa har ya fitar da 'yan ƙwayoyin wani sinadari, gulutamet. Ya raɗa wa ɗanɗanon suna umami. Shekara guda bayan haka aka fara sayar da sinadarin da sunan Ajinomoto, wanda shi ne farin magin da mata ke saye a ƙulle-ƙulle. Na yau ba daga teku ake samun sa ba, daga rake ko rogo ko masara ake yin sa ta hanyar ruɓarwa.

Hausawa ba su jira Ikeda ba kafin su san wannan ɗanɗano. Kalwar da aka dafa, aka rufe kwana biyu zuwa uku ta ruɓa ta zama daddawa, gulutamet ne ke fita daga furotin ɗinta. Haka daddawar batso, haka busasshen kifi da kaɗan daga daɗin busasshen tumatir. Miyar kuka da ta ji daddawa da dashin Japan hanya biyu ce zuwa gida ɗaya.

Abin da ke cikinta

A busasshenta, ciyawar teku tana da wadatar ma'adinai: kalshiyam, maganiziyam, fotashiyam da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Nori na da furotin da ya kai kashi 30 cikin ɗari ko fiye. Sai dai alƙaluman da ake yaɗawa na giram 100 ne, alhali mai ci giram uku zuwa biyar yake ci a zama ɗaya. Giram 100 na nori ya haura falle talatin. Idan aka auna da abin da ke shiga ciki da gaske, kwano ɗaya na kwaɗon zogale ya fi fallen nori furotin da ƙarfe nesa ba kusa ba, kuma garin kuka ba ya jin kunyar kowa a fagen kalshiyam.

Kaso mai yawa na jikinta faiba ce, wato ɓangaren abincin da ciki ba ya narkarwa. Wadda ke cikin ciyawar teku irin mai jiƙa ce ta yi kauri, tana rage saurin shigar sukari cikin jini, tana sa ƙoshi, tana kuma zama abinci ga ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin hanji. Wannan ma ba baƙon abu ba ne: yauƙin kuka da lalo da karkashi da guro daga faiba mai irin wannan hali yake. Wani bincike da aka buga a 2010 ya nuna cewa ƙwayoyin hanjin wasu Japanawa sun ari dabarar narkar da nori daga ƙwayoyin cikin teku, abin da ba a samu ba a hanjin mutanen Amurka ta Arewa da aka gwada. Ciki ma da abin da ya saba.

Ana danganta mata wasu fa'idodi: rage ƙiba, sauke hawan jini, kare kai daga cutar kansa. Mafi yawan gwaje-gwajen da ake kafa hujja da su a ɗakin bincike aka yi su ko a kan ɓeraye, na mutane kuwa ƙanana ne kuma gajeru. Masu tallar ruwan ciyawar teku a kwalba a Facebook da Instagram, da ke cewa tana maganin komai daga rashin haihuwa zuwa ciwon gaɓoɓi, bambancinsu da mai lasifika a bakin kasuwa waya ce kawai. Abu ɗaya ne ciyawar teku ta fi duk wani ganye na tudu da shi ba tare da gardama ba, shi ne aidin.

Aidin da maƙoƙo

A cikin ciyawar teku aka fara gano aidin. A 1811, ana tsakiyar yaƙe-yaƙen Napoliyon, wani Bafaranshe mai suna Bernard Courtois yana sarrafa tokarta don haɗa albarushi. Ya zuba ruwan asid fiye da kima, sai ga wani tururi shunayya ya tashi ya daskare a jikin tukunya. Daga kalmar Girkanci ta wannan launi aka samo sunan. A 1820 wani likita a Janiba, Jean-François Coindet, ya fara ba masu maƙoƙo shi. Likitocin Sin sun riga shi da ɗaruruwan shekaru suna ba da ciyawar teku ga masu kumburin wuya, ba tare da sun san abin da ke aikin a ciki ba.

A gaban wuya akwai wata 'yar tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi, tayirod. Ita ke haɗa sinadaran da ke daidaita zafin jiki, bugun zuciya, girma da ginuwar ƙwaƙwalwa, kuma ba ta iya haɗa su sai da aidin. In ya yi ƙaranci sai ta dage da aiki, ta kumbura don ta kama ɗan abin da ke yawo a jini. Wannan kumburin shi ne maƙoƙo. Shi ido ke gani, amma ɓarnar da ba a gani ta fi shi girma: ɓari, haihuwar ɗa ba rai, da yaron da zai tashi da raunin fahimta saboda uwarsa ta rasa aidin lokacin goyon ciki. Abin da jiki ke bukata ɗan mitsitsi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa maikirogiram 150 a rana ga babba, 250 ga mai ciki da mai shayarwa. Maikirogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram, wato abin da mutum zai bukata tsawon rayuwarsa bai cika ƙaramin cokali ɗaya ba.

Matsalar ita ce rumbun aidin na duniya teku ne. Ƙasar da ta yi nisa da shi, wadda ruwan sama ya daɗe yana wankewa, takan rasa shi, amfanin gonar da ya fito daga cikinta ma haka. Nahuce ta ƙasar Bunguɗu tana nesa da gaɓar teku da fiye da kilomita 600. Kifin gulbin Sakkwato da ke ratsa Gusau da Bunguɗu, da na madatsar Bakolori, kifin ruwan daɗi ne, aidin ɗinsa bai kama ƙafar na teku ba. Gishirin da kakanni suka ci, kantu da ɓeza da ayarin Azbinawa ke kawowa daga Bilma da Fachi, da mangul na ƙasar Manga, da na Foga, babu wanda aka ƙara wa aidin. Ga kuma gero. Bincike a Darfur ta Sudan cikin shekarun 1980 ya nuna cewa gero na ɗauke da wasu sinadarai masu rage wa tayirod ƙarfin aiki, kuma maƙoƙo ya fi yawa inda shi ne abincin safe da dare. Rogon da ba a jiƙa ya jiƙu ba yana da irin wannan hali. Ba dalilin barin fura ba ne. Illar tana bayyana ne inda dama aidin ya yi ƙaranci.

Maganin da duniya ta samu ya fi shigo da ciyawar teku araha. Suwizalan ta fara zuba aidin a gishirin ci a 1922, Amurka ta bi a 1924. Nijeriya ta wajabta shi a 1993. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta shi ne miligiram 20 zuwa 40 a kowane kilo na gishiri. Da wannan, gishirin da ke shiga miya da tuwo a yini ya kusa biyan bukatar babba, ba sai an ƙara yawansa ba. Hukumar ma cewa ta yi kada ya wuce giram 5 a rana, kimanin ƙaramin cokali ɗaya. Sai dai aidin na raguwa a gishirin da ya sha laima ko ya yini a buɗe cikin rana. Na leda da aka rubuta akwai aidin, aka adana a mazubi mai murfi nesa da murhu, ya fi na faranti da ake aunawa a fili. Gishirin dabbobi da na masu jima ba lallai ne an sa masa ba. Kifin teku na firiza, kifin gwangwani, jatan lande, madara da ƙwai duk suna ƙarawa.

Inda amfani ke komawa illa

Giram ɗaya na busasshen kombu kan ɗauki aidin fiye da maikirogiram 1,000, wani lokaci ninkin haka. Iyakar da hukumomin Amurka suka sa wa babba a rana 1,100 ce, ta Turai 600. Ɗan yanki kamar akaifa ya kai mutum bakin iyaka. Yawan aidin na rikita tayirod kamar yadda rashinsa ke yi, har likitocin Japan sun rubuta labarin maƙoƙo a tsakanin mutanen gaɓar Hokkaido cikin shekarun 1960, wanda yawan cin kombu ya jawo. Nori ya fi sauƙi ƙwarai, wakame na tsakiya. Mai ciwon tayirod, mai ciki da mai shayarwa su ne ya kamata su fi taka-tsantsan, musamman da ƙwayoyi da garin da ba a rubuta yawan aidin ɗinsu ba.

Bayan yawan aidin, haɗari na biyu ƙarafa masu guba ne. Wani nau'i mai suna hijiki yana tara arsenik mai cutarwa, har hukumar kula da abinci ta Birtaniya ta gargaɗi jama'a a 2004 su daina cin sa. Wadda aka ɗebo kusa da masana'antu ko bakin magudanar birni na iya ɗaukar dalma da makamantanta. Mutanen Zamfara ba sa bukatar dogon bayani a kan wannan, tun bayan gubar dalmar da ta bayyana a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010 ta kashe ɗaruruwan yara. Na uku gishiri ne: wakame da aka adana da gishiri sai an jiƙa an zubar da ruwan, mai hawan jini kuma ya lissafa da shi.

Wadda ake ci ba a sani ba

Kaso babba na abin da ake nomawa ba ya zuwa tukunya a matsayin ganye. Ana tatsar sinadarai uku masu sa kauri daga cikinsa: aga, karajinan da aljinet. Suna cikin askirim, wasu nau'o'in madarar gwangwani, man goge baki da maganin ƙwannafi irin su Gaviscon. A jikin kwali sukan zo da lamba: E406 aga, E407 karajinan, E401 aljinet. Farantin da ake shuka ƙwayoyin cuta a kai a ɗakin gwajin asibiti, a Gusau ko ko'ina, aga ne. Wata mata, Fanny Hesse, ce ta ba mijinta shawarar amfani da shi a farkon shekarun 1880, yana aiki tare da Robert Koch a Jamus, saboda ta san daga girki cewa ba ya narkewa da zafin bazara.

Wannan hali nasa ya dace da ƙasa mai zafi. Aga ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 85, yana kuma daskarewa tun yana wajen 35 zuwa 40, ba ya jiran firiji. Ƙaramin cokali ɗaya na garinsa ya isa kofi ɗaya na ruwa ko madara: a dama da ruwan sanyi, a tafasa minti biyu ana juyawa, a zuba a mazubi. Abu mai tsami kamar zoɓo ko tsamiya yana rage masa ƙarfi, sai a ɗan ƙara. Tun da tsiro ne, babu shakkar da ke tattare da jelatin, wanda ake yi daga fata da ƙashin dabba, sau da yawa na alade. Shi ya sa kayan zaƙin aga suka cika teburan buɗa-baki a Malesiya da Indunusiya.

A Afirka, Zanzibar ce ta yi fice a nomanta. An fara na kasuwanci a 1989 da irin da aka kawo daga Filifin, kuma mafi yawan manoman mata ne. Suna kiran ta mwani. Sukan ɗaure yankuna a igiya tsakanin turaku cikin ruwa marar zurfi, su girbe bayan mako shida, su shanya, a fitar waje. Gaɓar Nijeriya, mai tsawon kilomita 853, yashi ce da taɓo da dajin ruwa, duwatsun da ciyawar ke kamawa kaɗan ne, don haka cin ta bai zama al'ada ba ko a kudu. Mai ruwan ƙasan da igiyar ruwa ke jibgewa a gaɓar Afirka ta Yamma tun 2011, sargasum, ba ta ci ba ce a yadda take, ita ma tana tara arsenik.

Dihe na Tafkin Chadi

Mafi kusa da wannan cima a yankin Sudan ta Tsakiya ba a teku yake ba. A ƙasar Kanem, arewa maso gabas da Tafkin Chadi, akwai ƙananan tafkuna masu ruwan kanwa, irin yankin da ungurnu ke fitowa. A fuskarsu wani abu kore mai duhu kan taso kamar kunu. Matan Kanembu suna shiga da kwanuka su kwarfo shi, su haƙa rami mai faɗi a yashi su zuba. Yashi ya tsotse ruwan, rana ta busar da saura, a yanka shi gida-gida kamar alawa, a ƙara shanyawa. Sunansa dihe. A gida ana farfasa shi a ruwa, a tace yashi, a dafa da albasa da barkono da tumatir, da kifi ko nama in akwai, a ci da tuwon gero.

Wani masanin Faransa, Pierre Dangeard, ya yi rubutu a kansa a 1940, ba a kula ba. Sai a 1964 Jean Léonard ɗan Beljiyam ya gan shi a kasuwar Fort-Lamy, wato Injamena ta yau, aka tabbatar shi ne abin da duniya ke kira sifirulina. Mutanen Aztek na Meziko ma sun ci irinsa daga tafkin Texcoco kafin zuwan Sifaniyawa. Binciken da aka buga a 2000 ya ƙiyasta cewa tafki ɗaya, Kossorom, na ba da kimanin tan 40 na dihe a shekara. Kusan kashi 60 cikin ɗari na busasshensa furotin ne, ga ƙarfe mai yawa da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Saboda haka ake renon sa a kwamin siminti a wurare irin su Kudugu ta Burkina Faso, ana haɗa garinsa a kunun yara masu tamowa. Zafi yake so, digiri 30 zuwa 35, da rana da ruwan kanwa, abubuwan da arewacin Nijeriya ba ta rasa ba. Sai dai tun da ba a teku ya tashi ba, aidin ɗinsa kaɗan ne, ba ya maganin maƙoƙo. Bitamin B12 da ake tallar yana da shi ma mafi yawansa iri ne da jikin mutum ba ya amfana da shi.

Abin da tafkunan ƙasar Hausa ke bayarwa na ci shi ne bado. Shi tsiro ne sosai mai fure da saiwa. 'Ya'yansa ƙanana kamar gero ana ci ɗanye ko a shanya a niƙa, gindinsa ana dafawa ko a gasa, kuma ya ceci mutane a shekarun yunwa. Kainuwa ba a cin ta, ƙaiƙayi gare ta.

Gansakukar kududdufi da ta madatsar ruwa kuwa kamanninta da dihe ne kawai. Ƙarfin kanwar tafkunan Kanem shi ke hana mafi yawan sauran ire-iren tsirowa, ya bar dihe kusan shi kaɗai. A ruwan daɗi da ya kwanta, musamman wanda takin zamani da kashin dabbobi ke gangarawa ciki, ire-ire da yawa ke cakuɗuwa, wasunsu na fitar da dafi mai lalata hanta. Tun 1878 aka rubuta mutuwar tumaki da shanu da dawaki a Ostareliya bayan sun sha daga tafkin da ya yi irin wannan kore. Ido ba ya bambance mai dafi da marar dafi, tafasawa kuma ba ta kashe shi, don haka ruwan da fuskarsa ta yi kauri kamar an zuba koren fenti ba a shayar da dabba da shi, ba a kuma ɗora shi a murhu.